Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan horar da masu binciken sauyin muhalli

Zuwa ga shugabannin jami'o'i, da shugabannin makarantun digiri na biyu da na uku, da hukumomin da ke ba da kuɗin binciken kimiyya.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu malamai ne da masu bincike da aikinmu shi ne gano yadda daji, makiyaya, tafki, fadama da teku ke canzawa idan zafi ya ƙaru, ko ruwan sama ya sauya, ko iskar kabon ta yawaita, ko mutane suka canza yadda suke amfani da ƙasa. Mun rubuto muku ne a kan ɗaliban da za su gaje mu. Ana yaye su da ƙwarewa a fanni guda, kuma ba mu raina wannan ƙwarewa ba. Abin da ke damunmu shi ne, yawancin kurakuran da ke ɓata sakamako a wannan aiki a gaɓa suke aukuwa, wato wurin da awon wani masani ke shiga lissafin wani. Babu sashen da ke ganin gaɓar nan tasa ce, saboda haka babu mai koyar da ita. Gyaran kuwa a hannunku yake, domin ku ne ke riƙe da manhaja, da dokar kundi, da kuɗi.

Bari mu nuna muku irin kurakuran da muke nufi, mu fara da ƙasar da ake takawa. Ana samun yawan kabon da ke ajiye a hekta ɗaya ta hanyar ninka abu uku: kason kabon a cikin ƙasar, nauyin ƙasar a kowane santimita kubik, da zurfin da aka haƙa. Ƙasa mai kabon kashi 2 cikin 100, mai nauyin giram 1.3, idan aka auna zurfin santimita 30, za ta ba da tan 78 a hekta. To a ce bayan wasu shekaru dabbobi ko manyan injuna sun tattake wurin, ƙasar ta danƙare, nauyinta ya koma giram 1.5. Kason kabon bai motsa ba, amma lissafi zai ba da tan 90. Ɗalibin da ɗakin gwaji kawai ya sani zai rubuta cewa wurin ya ƙara tan 12 na kabon, alhali ƙasa mai yawa kawai ya ɗebo a zurfi iri ɗaya. Masu kimiyyar ƙasa sun daɗe da sanin maganin: a kwatanta nauyi da nauyi maimakon zurfi da zurfi, a busar da samfurin nauyi a zafin maki 105 na ma'aunin Salsiyas, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a cire duwatsu daga lissafi, a kuma kawar da kabon na farar ƙasa da asid kafin a auna na ruɓaɓɓen tsiro. Amma wanda zai ɗauki tan 90 ɗin ya zuba a lissafin kwaikwayo na kwamfuta, wato lissafin da ke kwaikwayon yadda muhalli ke aiki don a yi hasashe, bai taɓa riƙe bututun ɗibar ƙasa ba, don haka ba zai ma san akwai abin tambaya ba.

Shi ma mai aikin fili yana da nasa ramin. Numfashin ƙasa, wato iskar kabon da saiwoyi da ƙananan halittu ke fitarwa, yakan ninka sau biyu ko kusa da haka duk lokacin da zafi ya ƙaru da maki 10. Idan a maki 10 ma'auni 1 ne, a maki 20 zai zama 2, a maki 30 kuwa 4. Wurin da ke yin rabin lokacinsa a maki 10, rabi a maki 30, matsakaicin numfashinsa 2.5 ne. Wanda ya fara ɗaukar matsakaicin zafi, wato 20, sannan ya lissafa, 2 zai samu, ya zubar da kashi 20 cikin 100 ba tare da ya lura ba. Darasin rabin awa ne a ajin lissafi, amma ɗalibin ilimin halittu zai iya gama digiri na uku bai ji shi ba. Haka ma sunan abin da aka auna: tan ɗaya na kabon daidai yake da tan 3.67 na iskar kabon dayoksaid, domin nauyin ƙwayar iskar 44 ne, na kabon da ke cikinta 12. Masu nazarin daji sukan rubuta kabon, masu lissafin hayaƙin masana'antu sukan rubuta iskar, kuma idan aka haɗa jadawalin biyu ba a duba ba, an kuskure da kusan ninki huɗu.

Sai batun girman wuri. Filin da ake ƙirga itatuwa a ciki yawanci hekta ɗaya ne, mita 100 sau 100, a auna kaurin kowace bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. Ɗigo ɗaya a hoton tauraron ɗan'adam na Landsat mita 30 ne a ƙasa, na tauraron Sentinel-2 mita 10, na MODIS, wata na'urar ɗaukar hoto da ke kan tauraro, daga mita 250 zuwa kilomita ɗaya. Lissafin kwaikwayon yanayin duniya kuwa raba duniya yake yi gida-gida, kuma gida ɗaya yakan kai kilomita 100 sau 100, wato hekta miliyan ɗaya. Kai sakamako daga hekta ɗaya zuwa hekta miliyan ilimi ne mai zaman kansa, kuma a mafi yawan jami'o'i ba shi da gida.

Abin da ya faru a kan dajin Amazon ya isa ya nuna girman matsalar, domin ba ɗalibai ya kayar ba, manyan masana ya raba. A 2005 an yi fari mai tsanani a yankin. A 2007 wani nazari da ya dogara da hotunan MODIS ya ce dajin ƙara kore ya yi a lokacin farin, abin da ake iya fassarawa da cewa yana jure ƙarancin ruwa fiye da yadda ake zato. A 2009 masu auna itatuwa a ƙasa, waɗanda suka shekara da shekaru suna komawa filaye iri ɗaya da tef a hannu, suka nuna cewa mutuwar itatuwa ta ƙaru. A 2010 wasu suka sake tace hotunan suka ce gajimare da hayaƙi sun gurɓata da yawa daga cikinsu. A 2014 kuma wani nazarin ya danganta koren da ake gani a lokacin rani da sauyin kusurwar rana da ta na'urar ɗaukar hoto, domin idan inuwa ta ragu a hoto daji yakan yi kamar ya ƙara ganye. An ci gaba da muhawara bayan haka, har aka kawo batun fitowar sabon ganye da shekarunsa. Kowane ɓangare ya iya aikinsa. Abin da aka rasa tun farko shi ne isassun mutanen da suka san yadda haske ke dawowa daga ganye zuwa tauraro, suka kuma san yadda bishiya ke yi idan ruwa ya ƙare a saiwarta.

Hasumiyar auna musayar iska tsakanin daji da sararin sama ma haka take. Tana auna motsin iska da yawan kabon sau 10 ko 20 a daƙiƙa ɗaya, a tattara su zuwa matsakaicin rabin awa. Da dare idan iska ta kwanta, kabon da daji ke fitarwa yakan taru a ƙarƙashin itatuwa, ya gangara kwari ba tare da ya wuce ta gaban na'urar ba. Idan ba a tace irin waɗannan darare ba, daji zai fito kamar yana shan kabon fiye da gaskiya. Masanin fiziks na iska ya san wannan. Masanin tsirrai da ya sauko da bayanan daga intanet ya zana jadawali, sau da yawa bai sani ba.

Game da tsara gwaji, tun 1984 masanin muhalli Stuart Hurlbert ya duba gwaje-gwajen muhalli 176 ya gano cewa kusan rabin waɗanda suka yi amfani da gwajin ƙididdiga sun ƙirga abin da ba maimaici ba ne a matsayin maimaici. Har yau ana yi. A sa tukwane 50 a ɗakin shuka mai ɗumi, 50 a ɗaki marar ɗumi, a ce an maimaita sau 50. Ɗaki ɗaya ne da ɗaki ɗaya, kuma duk wani bambanci na haske ko laima tsakanin ɗakunan zai shiga sakamako da sunan zafi. Ƙananan rumfunan roba masu buɗaɗɗen sama da ake ɗumama ciyawa da su a fili sukan ƙara maki 1 zuwa 2, amma suna tare iska, suna kuma iya busar da ƙasa. Wanda bai binne na'urar auna laimar ƙasa a ciki ba, ba zai iya raba illar zafi da illar ƙishirwa ba. Babu ƙwararren ƙididdiga da zai gyara wannan bayan an gama, kuma a lokacin ne ɗalibai suka fi zuwa neman sa.

Ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne na mutane. A gaɓar Newfoundland ta Kanada, masu kimanta yawan kifin kod sun dogara, a wani ɓangare, da yawan abin da manyan jiragen kamun kifi ke samu a kowace fita. Adadin bai faɗi da wuri ba, domin kifin da ya rage yana taruwa wuri guda, jiragen kuma suna da na'urorin gano shi. Masu ƙananan kwale-kwale na kusa da gaɓa sun yi ta kuka tun tsakiyar shekarun 1980 cewa kifin yana raguwa, kuma yana ƙanƙancewa, amma ba a ɗauki maganarsu a matsayin bayanan kimiyya ba. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamun, dubun-dubatan mutane suka rasa sana'a. Adadin kamu yana auna kifi, yana kuma auna dabarar masunci da ƙarfin injinsa, kuma masanin da ba a koya masa nazarin halayyar mutane ba rabin abin kawai zai karanta. Ɗalibin muhalli yana bukatar ya iya tsara tambayoyi, ya san yadda ake zaɓar waɗanda za a tambaya, ya nemi izininsu yadda ya kamata, ya kuma karanta tsofaffin taswirori da takardun mallakar ƙasa. Daji da yawa da ake ɗauka ba a taɓa shi ba, tsohuwar gona ce.

Inda aka haɗa fannoni da gaske, an ga amfani. A dajin Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire ta Amurka, mutum huɗu suka fara aiki tare a 1963: Herbert Bormann masanin daji, Gene Likens masanin tafkuna da rafuka, Noye Johnson masanin duwatsu, da Robert Pierce na hukumar gandun daji. Dabararsu mai sauƙi ce. Kwarin yana kan dutsen da ruwa ba ya ratsawa, don haka duk abin da ya shigo ta ruwan sama ana iya auna shi, duk abin da ya fita ta rafi ana iya auna shi a madatsa. Da suka sare itatuwan kwari ɗaya a hunturun 1965 zuwa 1966 suka hana su tofowa, ruwan rafin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarar farko, sinadarin naitiret a cikinsa ya ninka fiye da sau 40. A nan ne kuma aka fara tabbatar da ruwan sama mai asid a Arewacin Amurka. Babu ɗaya cikin huɗun da zai iya wannan shi kaɗai, kuma kowannensu sai da ya fahimci awon sauran kafin lissafin ya rufe, wato lissafin shiga da fita ya daidaita. Haka a 1973, David Schindler da abokan aikinsa suka raba Tafki na 226 a lardin Ontario na Kanada gida biyu da labule, suka zuba kabon da naitirojin a duka ɓangarorin, fosfaras a ɗaya kawai. Ɓangaren fosfaras ne ya cika da gansakuka, kuma hoton tafkin ya taimaka wajen taƙaita fosfaras a sabulun wanki da ruwan masai.

Mun san abin da wasunku za su ce: taura biyu ba ta taunuwa, ɗalibin da aka rarraba wa hankali zai fito ya san komai sama-sama. Wannan tsoro yana da tushe, kuma mun ga shirye-shiryen da suka faɗa cikinsa, inda ake jera laccoci goma daga sassa goma, kowane malami ya zo sau ɗaya ya tafi, a kira shi haɗin fannoni. Ba irin wannan muke roƙo ba. Muna so ɗalibi ya nutse a fanni ɗaya har ya zama abin dogaro a cikinsa, sannan ya iya fanni na biyu gwargwadon da zai yi aiki da hannunsa a ciki, ya gane kuskure idan ya gan shi, ya kuma san lokacin da ya kamata ya nemi wanda ya fi shi.

Ga yadda muke ganin za a yi. A shekarar farko, kafin kowa ya fita fili, a wajabta abu uku ga duk wanda kundinsa ya shafi muhalli, ko daga wane sashe yake. Na farko, ƙididdiga tare da tsara gwaji, a kammala da kare tsarin gwajin kundin a gaban masanin ƙididdiga kafin a saki kuɗin fita. Na biyu, rubuta umarnin kwamfuta da harshen kwamfuta na R ko Python, da adana tarihin gyare-gyare da manhajar kwamfuta mai suna Git. Na uku, lissafin shiga da fita na ruwa, makamashi, kabon da naitirojin, domin shi ne harshen da masanin halittu da masanin ruwa da masanin iska za su iya magana da shi su fahimci juna. A koyar da su da bayanan gaske masu giɓi da datti. Bayanan da aka riga aka wanke ba sa koyar da komai game da inda kuskure ke shigowa.

Bayan haka a yi zaman fili na mako uku zuwa huɗu a wuri ɗaya. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, kowa daga sashe daban, a ba su tambaya guda: su rufe lissafin ruwa da na kabon na ƙaramin kwari. Za su kafa ma'aunin ruwan sama, su auna gudun rafi, su tace samfurin ruwa da matata mai ido maikiromita 0.45 su ajiye shi a sanyin maki 4, su haƙa ramin ƙasa, su auna itatuwa, su sauko da hoton tauraro na ranakun, su kuma tattauna da masu amfani da wurin. Sharaɗin da ke sa wannan ya yi aiki shi ne kada kowa ya yi abin da ya riga ya iya. Mai kwamfuta ne zai riƙe tef, don ya gani da idonsa cewa kuskuren kashi 5 cikin 100 a kaurin bishiya yana zama kusan kashi 13 a ƙiyasin nauyinta, kuma bishiya mai faffaɗan gindi sai an hau sama da faɗin kafin a auna. Mai tsirrai ne zai rubuta umarnin da zai haɗa bayanan. Lissafin ba zai rufe ba, kuma mako na ƙarshe gaba ɗaya a ba shi ga neman inda ruwan ko kabon ɗin ya ɓace. A nan ne ake gano ma'aunin zafi da aka bari a rana ba rumfa, yana ƙara maki da dama. Da na'urar da aka saita da agogon gida alhali tauraro da agogon duniya yake aiki. Da lambar -9999 da ke nufin babu awo, wadda kwamfuta ta haɗa a matsakaici.

A shekara ta biyu kowane ɗalibi ya yi mako takwas zuwa goma sha biyu a ɗakin binciken fanninsa na biyu, da ƙaramin aikin da zai gama ya miƙa. Ziyarar mako ɗaya ba ta isa ba, domin mako biyun farko a koyon kayan aiki da kalmomin mutanen wurin suke tafiya.

Duk wannan ba zai ɗore ba idan dokokinku suka tsaya yadda suke, kuma nan ne muke roƙon ku saurare mu da kyau. Kundin da ya ratsa fanni biyu yana bukatar malamai biyu masu kula da shi daga sassa biyu, dukansu da cikakken matsayi, kuma a ƙirga wa kowannensu aikin a nauyin koyarwarsa. A yanzu na biyun yakan zama suna ne a takarda, domin sashensa ba ya samun komai daga ɗalibin. A raba kuɗin karatun tsakanin sassan bisa rubutacciyar yarjejeniya. A wajabta wa malaman biyu zama tare da ɗalibin a lokaci ɗaya, aƙalla sau ɗaya a wata uku, domin idan yana ganinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa zai ba shi aikin cikakken kundi, ya ƙare da ɗaukar kundi biyu a lokacin ɗaya. A ranar kare kundi a kawo masu jarrabawa daga fannonin biyu, a kuma gaya musu a rubuce ma'aunin da za su yi amfani da shi: zurfi a fanni na farko, inganci a na biyu, sabon abu a haɗuwarsu. In ba haka ba, kowane mai jarrabawa zai auna babin da ya sani da ma'aunin wanda ya yi shekara huɗu a kansa kaɗai, ya ce bai kai ba. A kuma yarda babi ɗaya ya zama aikin haɗin gwiwa na ɗalibai biyu, muddin an fayyace abin da kowa ya yi.

Ga masu ba da kuɗi: irin wannan horo yana ƙara wata shida zuwa shekara ɗaya, kuma tallafin da bai lissafa wannan ba, ɗalibi ne ke biyan bambancin da aljihunsa ko da ingancin aikinsa. Ba sabon abu muke nema ba. Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ta fara ba da tallafin horon haɗin fannoni mai suna IGERT a 1998, wani shirin kuma ya gaje shi a 2014. Darasin da ya kamata a ɗauka daga irin waɗannan shirye-shirye shi ne a tambayi jami'a tun farko abin da zai rage bayan kuɗin ya ƙare. Kwas ɗin da ba a shigar da shi manhaja ba, yana mutuwa ranar da tallafi ya tsaya. Kwamitin da ke tantance buƙatun tallafi ma ya ƙunshi mutanen da su kansu suka yi aiki a fanni fiye da ɗaya.

Akwai kuma batun lokaci, wanda ya fi ƙarfin kowane kundi. A gwajin Oak Ridge da ke jihar Tennessee ta Amurka, inda aka riƙa fesa wa itatuwa iskar kabon a fili har ta kai kusan kashi 550 cikin miliyan, ƙarin girman da aka gani ya kai kashi 24 cikin 100 tsakanin 2001 da 2003, amma ya sauko zuwa kashi 9 a 2008, saboda naitirojin na ƙasa ya gaza. Da an tsayar da gwajin bayan tallafin shekara uku, da amsar da aka kai wa masu lissafin kwaikwayo ta wuce gaskiya nesa ba kusa ba, kuma wanda ya san ganye bai san ƙasa ba, ba zai iya bayyana dalilin saukar ba. Awon iskar kabon da Charles Keeling ya fara a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, lokacin tana kusan 315 cikin miliyan, yanzu kuma ta haura 420, sai da ya samu giɓin 'yan watanni a 1964 saboda yankewar kuɗi. Gwajin ciyawa na Park Grass a Rothamsted ta Ingila yana gudana tun 1856, kuma yana amsa tambayoyin da waɗanda suka kafa shi ba su taɓa yi ba. Kowace jami'a da ke koyar da wannan fanni tana bukatar aƙalla wurin awo ɗaya na dindindin, nata ko na haɗin gwiwa, inda ɗaliban sassa daban-daban za su riƙa ɗora aikinsu a kan na waɗanda suka gabace su. Kuɗin gudanar da shi ya fito daga kasafin yau da kullum, ba daga tallafin da ke ƙarewa ba. Kuma a ba ma'aikatan fasaha da ke kula da na'urori aiki na dindindin da hanyar ƙarin girma. Su ne ke tuna ranar da aka canza na'ura ko aka matsar da ita, kuma rashin wannan sani yana sa tsalle na ƙarya a bayanai ya zama sakamakon bincike.

Bayanan kansu a ɗauke su a matsayin wani ɓangare na kundi. Kada a sa hannu a kan kammala digiri sai ɗalibi ya ajiye bayanansa na asali ba a taɓa su ba, tare da takardar da ta bayyana ma'auni, wuri, agogon da aka bi, irin na'ura da ranar da aka daidaita ta, da umarnin kwamfutar da zai sake fitar da kowane jadawali. Gwajin yana da sauƙi: a ba wani ɗalibi daga wani sashe, idan ya iya sake fitar da babban jadawalin kundin a yini ɗaya, an ajiye daidai.

Abu na ƙarshe ya shafi makomar waɗanda za ku horar. Sashe yakan ɗauki ma'aikaci don ya koyar da kwasa-kwasan sashen, kwamitin ƙarin girma kuma yakan ƙirga maƙalun da mutum ya zo na farko a jerin marubuta, a mujallun da sashen ya sani. Wanda ya yi aiki a gaɓa yana da maƙalu masu marubuta da yawa, warwatse a mujallun fannoni uku, kuma kowane sashe yana ganin ɗan wani gida ne. Ɗalibai masu hazaƙa suna lura da wannan, shi ya sa suke komawa tsakiyar fanni inda hanya take a share. Muna roƙon a buɗe guraben aiki na haɗin sassa biyu, da rubutaccen bayanin wanda zai tantance mutumin da kuma yadda za a raba nauyin koyarwarsa. A bar mai neman ƙarin girma ya bayyana gudunmawarsa a kowace maƙala ta haɗin gwiwa. A kuma ƙirga tarin bayanai da umarnin kwamfuta da wasu ke amfani da su a matsayin aikin ilimi.

Muna ba da shawarar a fara da abin da ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar tsangaya: dokar malamai biyu da masu jarrabawa biyu, kare tsarin gwaji kafin fita fili, da zaman fili na haɗin sassa. Majalisar jami'a za ta iya amincewa da ukun a zama ɗaya, su fara aiki da ɗaliban da za a ɗauka a zango mai zuwa. A shirye muke mu zauna da kwamitocinku mu rubuta manhajar, mu kuma koyar da ita.

Mun gode da lokacinku. Allah ya yi muku jagora.

Daga wasu malamai da masu bincike a fannonin ilimin halittu, kimiyyar ƙasa, ruwa, yanayi da ƙididdiga.